Igiyata da Ta Kamfani

Shekaranjiya ina saukowa daga wata darbejiya a unguwar Lamashegu nan Tamale, wasu samari na zaune kan baburansu a inuwa suna kallona. Na ji ɗaya ya ce, "Wannan ma aiki ne? Mu da muka taso muna hawan mangwaro." Ban ji haushi ba, dariya ma ya ba ni. Yaro in ya hau mangwaro, tsinka yake ya sauko, ya bar bishiya yadda ya same ta. Mu kuwa hawa muke mu sare abin da muke tsaye a kai, da injin zarto yana ihu a hannu, ga rufin kwanon mutane a ƙasa, ga wayar wuta a gefe. To ku da kuka zo da niyyar koyo, kun tambaye ni ko ku sayi kayan hawa naku, ko ku dogara da na mai aikin da zai ɗauke ku. Ku gyara zama, don na gwada duka biyun.

Sunana Garba. Mahaifina goro yake sayarwa a babbar kasuwa, ya so in gaje shi, amma zaman rumfa bai karɓe ni ba. Da ya gaji da ni sai ya kai ni Zogbeli wurin wani dattijo Badagombe mai saran itace, Mba Napari, wato Baba Napari a yarensu. Na je da ɗoki, ina ganin washegari zan hau maɗaci. Damina ta zo ta wuce ƙafata ba ta bar ƙasa ba. Aikina shi ne wasa adda, kwashe rassa, da jan igiya. Kowace safiya kafin mu sha koko sai ya miƙo mini igiya ya ce in bi ta da yatsu daga wannan baki zuwa wancan, idona a rufe.

"Mba, me nake nema?"

"Inda ya yi laushi, inda ya yi tauri, inda ya kumbura. Ido yana ganin baya ne kawai, hannu yana jin ciki."

Igiya uku muke aiki da su, kuma ba a haɗa aikinsu. Akwai igiyar rai, doguwa, wadda ake ratayawa a babban reshe can sama a ɗaura ta a ɗamarar ƙugu. Akwai guntuwa, wadda kake zagaya gangar bishiya da ita in za ka tsaya ka yi yanka. Sai igiyar kaya, ta sauko da rassan da aka sare. Igiyar kaya tana shan wahala, ana fizgarta, ana gurza ta a ɓawo. Igiyar rai kuwa nauyin mutum kaɗai ta sani. Ranar da na ɗaure guntun itace da igiyar ran Mba don in ja shi bakin hanya, bai doke ni ba. Kallona kawai ya yi, har na gwammace duka.

Aikina na farko a sama shi ne mangwaron wata Hajiya Memunatu, mai sayar da wake da shinkafa a Zogbeli. Wani ƙaton reshe ya kwanto kan ɗakin girkinta, duk iskar da ta taso sai ya riƙa gurzar kwano. Hajiya ta tsaya a tsakar gida riƙe da ludayi tana ba mu sharaɗi: a cire reshen, amma kada inuwa ta ragu, kada 'ya'yan su zube, kada ganye ya faɗa mata a miya. Mba ya ce, "Naa, Hajiya," wato ya amince, ya juyo ya ce mini in hau. Na rataya igiyar rai, na zagaya guntuwa, na ɗaure reshen da igiyar kaya, shi kuma ya naɗe ɗaya bakin a gindin bishiya don nauyin ya sauko a hankali. Ana fara yanka daga ƙasan reshe kaɗan, sannan a gama daga sama. In ka fara daga sama, reshen zai tsage ya yage ɓawo, ya tafi inda ya ga dama. Duk wannan na riƙe. Abin da ba a gaya mini ba shi ne jajayen cinnakun da ke ɗinke ganyen mangwaro su yi gida. Sara biyu na yi suka zubo mini cikin riga. Ina ihu ina rawa a sama, Mba yana ƙasa yana cewa, "Gama yankan tukuna, ba su kashe kowa ba!" Reshe ya sauko lafiya, bai taɓa kwano ba. Hajiya ta cika mini kwano har da kan kifi, ta ce rawar kaɗai ta isa lada.

Masu ba da aiki iri-iri ne. Wani zai ce ka sare bishiya don jemagu sun hana shi barci. Wani zai jira sai maƙwabcinsa ya tafi gona ya kira ka, ashe bishiyar ta maƙwabcin ce. Kafin ka ɗora tsani, ka tambayi mutum biyu a unguwa ko ta wane ce. Akwai kuma bishiyoyin da ba a taɓawa sai an sanar da masu gari, wannan ma ku kiyaye.

Da Mba Napari ya sallame ni, abin da na fara yi shi ne haɗa kayana. Ɗamara a gwanjo na samo ta, mai kyau, ta masu hawan turakun wuta. Na kai wa baduku ya sa mata fata mai laushi daidai inda take cin ƙugu. Igiyar rai wani direba ya taho mini da ita daga Kumasi, shuɗiya mai ratsin fari, ba ta da na biyu a garin nan. Ina da ƙusa a ɗaki da na buga mata ita kaɗai, nesa da rana, nesa da ɓera. In mun gama aiki sai na karkaɗe ta na naɗe ta kafin in wanke hannu. Abokin aikina Fuseini, wanda muka koya tare a gidan Mba, ya kan ce, "Garba, wannan igiya ka biya sadakinsa ne?" Fuseini siriri ne kamar sandar rake, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, amma a saman bishiya ban ga wanda ya fi shi natsuwa ba.

Muna nan muna 'yan ayyukanmu na gida-gida sai wani ɗan kwangila ya zo daga kudu, Masa Owusu, "Masa" ɗin nan "Master" ne na Turanci a bakinmu. Ya sami aikin rage bishiyoyin bakin titi da na makarantu, yana neman masu hawa. A zangon Kumasi ya girma, don haka Hausa a bakinsa ba a cewa komai. Ranar farko ya tara mu a yadinsa ya buɗe wani babban akwatin ƙarfe: ɗamaru sababbi, ƙugiyoyi masu makulli, hulunan kwano, igiyoyi ja wur. Ya ce daga yau kowa ya bar nasa a gida.

Na ce, "Masa, ni da tawa zan hau."

Ya ce, "In ka faɗo, wa za a kama? Ni. Matarka wurin wa za ta zo kuka? Wurina. Kayan da na saya na san inda aka yi su, na san nauyin da suke ɗauka. Naka fa?"

"Nawa na san inda ya kwana jiya. Naka wa ya san hannun da ya taɓa shi?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce bakina ya fi addata kaifi. Yana bukatar masu hawa, aiki kuma ya matso, sai ya ƙyale ni da kayana, da sharaɗin in sa hular kwano. Na yarda, ko da yake hular tana dafa kai kamar tukunya.

Gaskiya kayan Masa Owusu sun fi nawa ta wasu wurare. Ɗamararsa tana da madauri a cinya, in ka rataya kamar kana zaune a kujera, tawa kuwa ƙugu kaɗai take riƙewa, da yamma sai na ji bayana kamar an yi mini duka. Ƙugiyarsa ba ta buɗewa sai ka murza. Matsalar ita ce akwati ɗaya ne ga kowa. Da safe wawaso ake yi, wanda ya riga zuwa ya ɗauki mai kyau. Akwai wani ƙato cikinmu, Yakubu, in ya sa ɗamara ya buɗe madaurinta har ƙarshe, washegari Fuseini ya sa ta sai ka ga kamar an zuba muciya a buhu. Sai ya ɓata rabin safiya yana ja yana matsewa. Duk da haka shi murna yake. Ya ce, "In ya lalace, Masa ne zai saya. Ni in na tashi aiki, kaina ba ya ɗauke da komai zuwa gida." Haka muka yi ta gardama, a kan babur, a wurin mai koko, har a gidan suna.

Sai shekarar iska ta zo. Kun san yadda farkon damina yake a garin nan, to ta wannan shekarar ta wuce misali. Da la'asar hadari ya haɗu, kafin magariba kwanukan mutane suna yawo a sama, bishiyoyi sun kwanta a kan tituna da gidaje. Mako bai cika ba wata ta sake zuwa. Aiki ya yi mana yawa har muka daina murna da shi. Masa ya ƙaro mutane, ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, kaya kuma suna nan yadda suke. Igiya ta dawo jiƙe a jefa ta akwati kusa da galan ɗin fetur, da safe wata ƙungiya ta ɗauka. Ba mai bin ta da yatsu, kowa sauri yake.

A Gumbihini aka kira mu kan wani tsohon maɗaci da iska ta tsaga daga sama. Rabinsa ya jingina a kan ginin wata 'yar makaranta, ana tsoron ya ƙarasa faɗawa. Irin wannan bishiya ba a yarda da ita, don itacen da ya lanƙwashe yana jiran a taɓa shi ne ya mayar da martani. Fuseini ya hau da jar igiyar kamfani, ni ina ƙasa riƙe da igiyar kaya. Ya kai inda tsagar take, ya zagaya guntuwarsa, ya sauko da rassa biyu lafiya. A na uku, yana gama yanka sai ɓangaren da ya jingina ya motsa, ya ture masa ƙafa. Wannan ba komai ba ne, don ranar irin haka ake ɗaura igiyar rai. Nauyinsa ya faɗa kanta, sai na ji wani "tas". Jar igiya ta tsinke can sama, ta zubo ƙasa kusa da ni.

Guntuwar ce ta cece shi. Ya zame a jikin gangar, ɓawo ya kwashe masa fatar ƙirji, sannan guntuwar ta maƙale a wani kututturen reshe ta tsayar da shi. Injin ya faɗo ya fashe. Kafaɗarsa ta goce, hannun dama ya saki, yana reto sama da rufin makarantar. Mata sun fito suna salati.

Na kira shi, "Fuseini! Kana ji na?"

Ya ce, "Ina ji. Zo da amaryarka."

Na jefa shuɗiyar igiyata a wani reshe mai lafiya na hau. Da na isa na maƙala ɗamararsa a tawa, na sa ya rungume ni da hannun hagu, na kwance guntuwar. Mu biyu muka sauko a kan igiya ɗaya, a hankali, ina jin numfashinsa a wuyana. Da ƙafarmu ta taɓa ƙasa aka sa shi a keke mai ƙafa uku zuwa asibiti. An mayar da kafaɗa, an rataye masa hannu, aka ce ya huta.

Daga baya aka gano abin da ya faru. Kwana ɗaya kafin nan, wata ƙungiya ta rasa igiyar kaya, sai suka ɗaura wannan jar igiya a bayan mota suka ja gungume daga kan titi. Wanda ya yi ya ga ta ɗan canja, amma ya ji tsoron a cire masa a albashi, ya naɗe ta ya mayar akwati ya yi shiru.

Ni kuwa bakina ya buɗe. Duk inda na zauna labarin kenan. Na je duba Fuseini da lemo, ban gama gaisuwa ba na ce, "To, yanzu igiyar wa ta fi?" Ya ce in bari ya warke tukuna.

Masa Owusu bai yi gardama da kowa ba. Ranar Litinin ya dakatar da aiki gaba ɗaya, duk da ana ta kiransa a waya. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a yadi, aka zazzage akwati, ya ce kowace igiya sai an bi ta da hannu, wadda aka yi shakkarta a yanka ta nan take. Fuseini ma ya zo da hannunsa a rataye, ya zauna a kan benci. An yanka da yawa ranar. Da aka gama Masa ya miƙo hannu.

"Garba, kawo taka."

"Masa, tawa ai ta riga ta ba da shaida."

"Kawo dai."

Na miƙa ina murmushi. Ya ba Fuseini, ya ce shi da ba ya aikin komai ya duba. Fuseini ya danne baki ɗaya da ƙafa, yana jan ta da hagu ta tsakanin yatsu, idonsa a rufe yadda Mba ya koya mana. Ya wuce rabi sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi. Ya lanƙwasa wurin, maimakon ta yi baka sai ta lanƙwashe kamar karyayyen kara.

"Garba, zo ka taɓa."

Na taɓa. Wurin ya yi faɗi, ya yi santsi da tauri, ciki kuma kamar babu komai. Kamu ɗaya gaba akwai wani irinsa. Masa ya sa wuƙa ya buɗe bayan, muka ga zaren cikin ya narke ya manne, saura 'yan siraran da ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. A makonnin nan na iska ni ma ban bi ta a natse ba, naɗewa kawai nake in rataye. Fuseini ya dubi igiyar, ya dube ni, ya ce, "A kan wannan muka sauko, mu biyu?" Sai ya fara dariya, yana riƙe kafaɗa don zafi, ya kasa dainawa.

Na hau babur na nufi gida. Matata Azara tana tankaɗen gari, na ajiye igiyar a gabanta.

"Azara, wa ya taɓa igiyar nan?"

"Babu kowa, Maigida." Ta ci gaba da tankaɗe, sai ta ɗago. "Au, sai dai ranar da ka tafi jana'iza ƙauye. Motokin ɗin Iddi ya faɗa kwata da buhunan siminti, ruwa na shirin sauka. Suka zo neman igiya mai ƙarfi, na ce ai duk Tamale babu kamar ta mijina."

Iddi maƙwabcinmu ne, da motokin ɗin nan, wato keken ɗaukar kaya, yake ci da iyalinsa. Ashe sun zagaya igiyata a turken ƙarfe, suka ɗaura a tarakta suka ja.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na wanke ta tas da sabulu, na shanya, na mayar kan ƙusarta. Kai da kanka ka ce ta yi haske. Cewa ka yi kada in yi shanya a kanta, kuma ban yi ba."

Da na gaya mata cewa da ita na sauko da Fuseini, rariyar ta faɗi daga hannunta. Ta zauna a ƙasa tana ta hamdala, gari duk a zaninta.

To kun ga inda amsar take. Tasu ta tsinke don hannu ya yi mata yawa, tawa ta kusa kashe mu don ni kaɗai na yarda da ita, ba mai dubawa bayana. Tsarin da Masa Owusu ya kafa daga ranar shi nake bi har yau da nake da mutanena. Mai aiki ne ke saye, don shi ke da ƙarfin sayen mai kyau da canja ta in lokaci ya yi. Amma kowa da nasa: ɗamararka an gyara ta daidai jikinka, igiyarka da zare mai launinka a baki, buhunka da ɗan kwado. Ranar Litinin ba ka duba taka, ta abokinka kake dubawa, shi ya duba taka. Wanda kuma ya ɓata igiya ya faɗa da bakinsa, ba a taɓa masa albashi, sai ma a gode masa. In kuwa kai kaɗai kake aiki gida-gida, dole ka sayi naka, to ka saya sabo, ka nemi wanda zai riƙa bi maka da hannu, ka kuma zaunar da mutanen gidanka ka gaya musu abin da igiyar nan take riƙewa.

Shuɗiyar igiyata da hannuna na yanka ta. Haka ake yi, gunduwa-gunduwa, don kada wani ya tsinta ya ce da saura. Ina zaune a ƙofar gida ina yankan sai ga Iddi, labari ya kai masa, ya zo da zabo a hammata yana ba da haƙuri. Na karɓi zabon, na ce ya wuce, na zaɓi gunduwar da ta fi tsawo na ba shi ya riƙa ɗaure kaya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ja ta, ya auna ta da tsawon hannunsa, ya girgiza kai.

"Mba Garba, wannan ba zai fid da motokin daga kwata ba. In an ba ka sabon, wane launi ne?"

Azara ce ta amsa masa daga cikin gida, da muciya a hannu. Bai tsaya jin ƙarshen maganar ba.